Kawun Lauya da Sikelin Ɗakina

Ɗan wana acici ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In aka ce masa cinsa ya yi yawa, sai ya shafa tumbi ya ce ai ba na sata ba ne. Ni na raine shi, shi da ƙanwarsa Auta, bayan rasuwar uwarsu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Yana yaro in ka aike shi sayen burodi, ɓawon zai kawo maka, ya ƙwaƙule cikin tas a hanya. Na taɓa ba shi abinci ya kai wa wata maƙwabciyarmu da ke kwance ba lafiya. Ya dawo da kwano a wanke. Na ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Ba ta ce komai ba, Gwaggo, ban ƙarasa ba. A bakin famfo na cinye." Na zane shi, ya yi kuka, da ya gama ya tambaya ko akwai saura.

Abin da zan shaide shi da shi ke nan: yana ci, amma ba ya ƙarya.

Makaranta ba ta karɓe shi ba. Ubansa ya kai shi wurin wani tsoho mai gyaran sikeli, a nan kansa ya buɗe. Da tsohon ya rasu, shi ya gaji shagon, ya gaji sunan, har matarsa ma Mai Sikeli take ce masa. Shagon wani ɗan tsukin ɗaki ne tsakanin mai faci da mai shayi. In ya zauna a ciki babu inda wani zai sa ƙafa, sai dai ka tsaya a bakin ƙofa ka miƙa masa kayanka. Sikeli iri-iri a rataye: na mahauta, na masu kayan miya, na masu zinariya wanda numfashi ma yana motsa shi. Ƙarafan awonsa suna cikin akwatin katako, kowanne a naɗe da ƙyalle, ba ya yarda kowa ya taɓa su. Yatsunsa kamar ayaba, amma in ya kama ɗan ƙaramin noti sai ka rantse ba nasa ba ne.

'Yan kasuwa sun sha zuwa su raɗa masa ya ɗan taɓa musu sikeli, yadda kilo zai riƙa cika tun bai cika ba. Amsarsa ɗaya ce. "In taɓa maka yau, gobe in zo sayen nama ka cuce ni da hannuna? Ɗauki kayanka." Mutane suna cewa tsoron Allah ne. Ni na san har da tsoron a rage masa tsoka.

Allah bai ba shi haihuwa ba. 'Yar ƙanwarsa ita ce 'yarsa. Gida ɗaya muke duka, ni a ɗakin tsakiya, shi da matarsa a gaba, Auta da mijinta direba a baya. Yarinyar tun tana shekara uku ba a gaya mata magana ta wuce ba ta nemi dalili ba, shi ya sa kawunta ya sa mata Lauya, sunan ya bi ta.

Tana shekara tara fuskarta ta fara kumbura da safe. Ta daina girma, ta daina gudu, gardama ce kawai ba ta daina ba. Aka yi ta yawon asibiti har aka gano ƙodojinta biyu sun gaza. Aka ɗora ta a kan injin wankin ƙoda, sau uku a mako, ta kwanta rabin yini jininta yana fita ta roba yana dawowa. Ruwan sha ma sai an auna mata a wani ɗan kofi, don jikinta ba ya iya fitar da shi. Likitarta, wata 'yar siririyar mace mai tabarau, ta ce inji yana riƙe yaro ne kawai, ba ya raya shi. Abin da zai fisshe ta shi ne a dasa mata ƙoda.

Aka gwada uwar, tana da hawan jini tun haihuwar yarinyar. Aka gwada uban, jininsu bai zo ɗaya ba. Ni na miƙa hannu, Likita ta dube ni ta ce, "Mama, ki riƙe naki, kina bukatar su." Aka gwada Mai Sikeli, komai ya dace kamar an auna.

Ina wurin ranar da aka gaya masa. Ya ce, "Likita, ƙodar ƙato kamata za ta shiga cikin wannan 'yar tsakon?"

"Za ta shiga. Muna yi kullum."

"To a cire yanzu mana, tunda na zo."

Ta ce ya hau sikeli. Ya hau, allura ta zagaya kamar za ta dawo gida. Likita ta cire tabarau. "Ba zan taɓa ka a haka ba. Wanda zai rayu da ƙoda ɗaya ba ya ɗaukar wannan kaya. Ba zan tayar da ɗaya in kwantar da ɗaya ba." Ta faɗa masa nauyin da take so ya sauko, ta ba shi 'yan watanni, ta ce in bai kai ba za a ɗage aikin, yarinya ta ci gaba da zama a kan inji.

Lauya tana zaune a kujera ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Ta ce, "Kawu, shi ke nan na mutu."

Ya ce, "Rufe mana baki, mara kunya."

Muka dawo gida aka kafa doka. Akwai wani tsohon sikelin hawa mai allura da ya taɓa gyara wa wani bai dawo karɓa ba. Aka ajiye shi a ɗakina, don ni ce ba a roƙa. Kowace safiya Auta ta kawo Lauya ta hau, saboda Likita ta ce a riƙa duba nauyinta: in ya ƙaru da sauri, ruwa ne ya taru, sai a ƙara tsuke mata kofi. Ranar hutun mako kuma kawunta ya hau a gaban kowa. Matarsa ta koma dafa masa ganye da kifi, ba mai, ba gishirin kirki. Yana ci yana kallon kwanon kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Abin da ban sani ba, labari ya zaga dangi da kasuwa cewa Mai Sikeli zai ba da ƙoda. Mutanenmu kuwa abu ɗaya suka sani game da wanda za a yanka a asibiti: a ciyar da shi ya tara jini. 'Yan'uwan uwarsa suka fara aika kwanuka, ba gida ba, shago, don sun san halina. Mahautan da yake yi wa gyara suka riƙa ajiye masa hanta. Mai shayi ya ƙara masa ƙwai kyauta, ya ce sadaka ce. Wata yayar uwarsa ma ta zo da kanta, ta zauna a bakin shagon ta tsare shi sai da ya share kwano. Ta ce masa, "Likitocin nan ba su da imani. Ramammiyar ƙoda za ka ba yarinya? Ci, ɗana." Kowa yana ganin shi kaɗai ne yake taimakawa a ɓoye. Shi kuwa mutumin da bai taɓa ce wa kwano a'a ba tun da aka yaye shi, ga shi yanzu ana ce masa lada ne.

Makon farko allura ba ta motsa ba. Na biyu ta ɗan yi gaba. Auta ta fashe da kuka ta fita daga ɗakin. Washegari ya shigo ya ce, "Gwaggo, sikelin nan ya tsufa, ƙura ta cika shi. Bari in kai shago in share." Wa zai hana mai gyaran sikeli gyara sikeli? Ya dawo da shi da yamma yana ƙyalli. Ba kowa a kai, allura tana tsaye cif a kan sifili, yadda ya kamata.

Daga nan ya fara ramewa. A sikeli. Kowane mako sai ya ɗauka ya kai shago a duba, kowane mako allura ta ja baya. Matarsa ta yi ta murna, har ta fara tausaya masa tana ɗan ɗiga masa mai a miya. Ni dai ina kallon wuyansa ina kallon allura. Na ce, "Kai, wannan ramar taka a ina take zama? Ban gan ta a jikinka ba."

"Daga ciki take farawa, Gwaggo. Kitsen ciki ne yake fara narkewa."

"Wandonka fa da ya ƙi rufuwa?"

"Wanki ne ya tsuke shi."

Lauya ce ta fara ɗaga ƙara. Ta ce sikelin asibiti da na gida ba sa faɗin magana ɗaya, na gida kullum yana rage mata. Uwarta ta ce ai a asibiti da takalmi da rigar sanyi take hawa. Ta ce ta cire takalmi ta gwada. Uwarta ta ce ta cika surutu. Gaskiya kuma ta cika surutu, shi ya sa ba wanda ya saurare ta.

Sai aka shiga kwanakin zafi. Akwai tazara mai tsawo a ƙarshen mako da ba a wankin ƙoda, kuma a nan aka fi jin tsoro. Yarinya tana kuka da ƙishirwa, leɓɓanta sun bushe. Uwa ta ɗora ta a sikeli ta ga nauyi bai ƙaru ba, har ma da sauran wuri. Ta ƙara mata kofi. Da rana ta sake ɗora ta, ta sake ƙara mata. Washegari haka. Ranar da za a koma asibiti, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya, na ji Auta tana ƙwala mini kira da wata murya. Na tarar da Lauya a zaune ta dafa gado, ta kasa kwanciya, tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Idanunta sun kumbura sun kusa rufewa.

Uban yana kan hanya da mota. Mai Sikeli aka kira daga shago, shi ya saɓa ta a kafaɗa ya fita da gudu neman abin hawa. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ran nan.

Aka ɗora ta a inji nan take, aka sa mata abin numfashi. Ruwa ne ya hau mata ƙirji. Sai bayan azahar ta dawo hayyacinta. Likita ta fito ta same mu a baranda, ta tambayi Auta yadda aka yi yarinya ta tara ruwa haka ba a lura ba. Auta ta rantse tana aunawa safe da rana, ta faɗi abin da sikeli ya nuna. Likita ta ce ba zai yiwu ba, sai dai in sikelin ya lalace.

Auta ta ce, "Ya za a yi ya lalace? Yayana ne yake duba shi duk mako. Sana'arsa ce."

Muka juya gaba ɗaya muka dube shi. Yana tsaye jikin bango, gumi ya jiƙa masa riga. Bai jira an tambaye shi ba.

"Ni na taɓa shi."

Ya yi bayani kansa a ƙasa. Bai taɓa sifilin ba, don ya san zan duba. Wayar ciki ya ɗaure, yadda duk abin da ya hau zai yi sauƙi, kuma duk mako yana ƙara ɗaurewa kaɗan. Ya ce niyyarsa ya samu sararin wata ɗaya, ya rame da gaske, ya mayar da shi ba wanda ya sani. Ya ce shi lissafin kansa kawai ya yi. Ya manta ba shi kaɗai yake hawa ba.

Auta ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta dube shi kawai ta koma wurin 'yarta. Ni na cire takalmina, sai na tuna a asibiti muke, na mayar. Likita ta sa ya hau nata sikelin a gabanmu. Ya fi ranar farko nauyi. Ta ce an ɗage aikin, kuma ba za ta sake sa rana ba sai ta gani da idonta.

Da aka bar mu muka shiga, Lauya ta zare abin numfashi daga hancinta. Muryarta ba ta fita sosai. Ta ce, "Na gaya muku ko ban gaya muku ba?"

Kawunta ya durƙusa a gefen gadon. "Kin gaya mana."

"Kawu, ƙodar tawa kake yi wa kitse. Ba taka ba ce yanzu, ajiya aka ba ka."

Ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

Tun daga ranar ya canza, amma ba zan ce ya daina son abinci ba, don ƙarya ne. Ya bi masu kawo masa kwano ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu abin da ya faru, bai rage komai ba. Yayar uwarsa ta ce ita dai alheri ta yi. Na je na same ta da kaina, ba ta sake aikawa ba. Mai shayi ya koma ba shi ruwan zafi da ganyen shayi tsura, in ya roƙi ƙwai sai ya kira mai faci su taru su yi masa dariya. Ya daina hawa mota zuwa shago. Ya riƙa tafiya a ƙasa da akwatin ƙarafan awonsa a kafaɗa, safe da yamma, yara suna bin sa suna tambaya ko an kore shi daga gida ne. Sikelin ɗakina kuwa Auta ta jefar da shi bayan gida ta sayo sabo mai lamba, ta kulle a akwatinta. In ya shigo ɗakin ko kallon wajen bai isa ya yi ba.

Ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka so. Lauya ta ƙara watanni a kan inji, an sake kwantar da ita sau ɗaya da zazzaɓi, kuma ya san rabon laifinsa a ciki. Ranar da ya hau sikelin Likita allura ta tsaya inda ake so, sai da ta sa aka kawo wani sikelin daga ɗakin gaba ya sake hawa. Ya ce, "Likita, wannan ai cin fuska ne." Ta ce, "Hau."

Ranar aikin aka shiga da su da safe, shi a gaba Lauya a baya. Muka zauna a baranda har rana ta karkata. Da nas ta fito ta ce sabuwar ƙoda ta kama aiki, yarinya ta yi fitsari tun a kan teburin tiyata, direba ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ban taɓa ganin dangi suna yi wa juna barka a kan fitsari ba sai ran nan. Kwana biyu bayan haka aka miƙa wa Lauya kofi babba cike da ruwa aka ce ta sha. Ta riƙe shi tana juyawa, ta ce a kira Likita ta faɗa da bakinta, ba ta yarda da nas ba.

Yanzu tana makarantar sakandare. Tana shan magunguna safe da dare, kuma za ta sha su har ƙarshen rayuwarta don kada jikinta ya ƙi baƙuwar. Ta yi tsawo, ta wuce uwarta. Amma kafin a kai nan an sha wata 'yar rigima.

Da aka sallamo Mai Sikeli, mutanen da suka kusa kashe yarinya da kwano sai suka koma kashe shi da sannu. Ya fito ƙofar gida, sannu. Ya yi atishawa, sannu. Mahauta suka daina kawo masa manyan sikeli, wai kada ya ɗaga abu mai nauyi, alhali Likita ta sallame shi tun bayan 'yan makonni. Mai faci, wanda shekara da shekaru ba ya kiransa sai da Buhu, ya koma ce masa "bawan Allah". Mata suna zuwa dubiya su zauna a tsakar gida suna girgiza kai, suna cewa ai mai ƙoda ɗaya rabin mutum ne, ba ya daɗewa, Allah dai ya saka masa. Duk a kunnen Lauya.

Wata safiya Auta ta miƙa mata magani ta ƙi karɓa. Ta ce ta yi tunani. In ta daina sha, jikinta zai saki ƙodar, sai a cire a mayar wa Kawu kayansa kafin ya mutu, ita ta koma inji, ai ta saba. Uwarta ta yi lallashi, ubanta ya yi tsawa, na yi nawa. Ta ce a kawo mata hujja. Aka kira kawunta. Ya ɗaga riga ya nuna mata tabon, ya yi tsalle a gabanta har sau biyu, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya. Ta ce, "In lafiyarka ƙalau, me ya sa kowa yake yi maka sannu?" Da ƙyar ta haɗiye na ranar, bisa sharaɗin za ta sa ido ta gani.

Bai je shago ba ran nan. Ya sa ni na raka shi, wai an fi jin tsorona. Muka fara da matan dangi, muka bi ta wurin mahauta, muka ƙare a bencin mai shayi, inda mai faci yake zaune. Yana ganin mu ya miƙe ya ba shi wuri, ya buɗe baki zai ce sannu. Mai Sikeli ya ɗaga masa hannu.

"Don girman Allah ka riƙe sannunka. Ku duka. Yarinyar nan tana ji, kuma ta ce za ta dawo mini da ƙoda, ni kuwa ba ni da inda zan sa ta, an ɗinke wurin. Ku kawo mini aiki, mai nauyi. In kun gan ni tare da ita, ku zage ni yadda kuka saba, da ƙarfi, yadda za ta ji. Kai mai faci, gobe zan biyo da ita ta nan in za ta makaranta. Ka tanadi zagi mai zafi."